Waɗanne manhajoji zan saka a waya kafin in tashi zuwa Chaina?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka saba fita waje. Maigidana ƙafarsa ta matsa masa bana, shi ne ya ce ni zan je masa Gwanzu baje kolin Canton na ƙarshen Oktoba, biza ta fito alhamdulillah kuma jirgin Ethiopian zan bi ta Addis. Ni ko Maraɗi ban taɓa tsallakawa ba, kuma ya ce in an gama aiki in ƙara kwana huɗu in zaga in buɗe ido. Damuwata ita ce waya, wani ya ce min ina sauka WhatsApp ɗina zai mutu, wani ya ce ƙarya ne, wani kuma ya ce ko ruwan gora ba zan iya saya da kuɗi a hannu ba. Me da me zan saka, kuma a nan zan saka ko sai na je can?

Ɗalibi a Gwanzu:
Wa alaikumus salam Yaya. Shekarata uku a garin nan ina karatu, kuma amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci: a Kano za ka saka komai, ka buɗe komai, ka gwada komai. Wanda ya ce maka WhatsApp zai tsaya gaskiya ya faɗa, matuƙar layin Chaina ko wayifai ɗin otal kake amfani da shi to WhatsApp, Facebook, Instagram, YouTube, Gmail da duk abin da yake na Google a rufe suke. Play Store ma na Google ne, kenan in wayarka Android ce kana sauka ba ka da inda za ka sauke manhaja cikin sauƙi. Mutane da yawa a nan suke faɗawa matsala, su ce sai na je na saka, su zo su tarar ƙofar da za su bi su ɗauko ita kanta a kulle take.

Alhaji Mai Yadi:
Yaro kar su ɗaga maka hankali. Na fara zuwa Gwanzu tun ba a san wani abu wai shi manhaja ba, kalkuleta ce kawai a hannuna, in danna farashi shi ma ya danna nasa har mu daidaita, kuma kwantena ta iso Legas lafiya. Ka riƙe dala a jikinka ka samu ejan mai amana, shi ke nan.

Ɗalibi a Gwanzu:
Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, maganarka ta kalkuleta har gobe tana aiki a kasuwa wlh na sha gani. Amma garin ya canza sosai daga bayan korona. Kuɗin hannu ba a hana karɓarsa ba, doka ma ta ce dole mai shago ya karɓa, sai dai ka miƙa yuwan 100 ka sayi abin yuwan 8 mai shagon ya tsaya yana laluben canji don ya kwana biyu bai taɓa takardar kuɗi ba. Tasi kuwa ka tsaya bakin titi kana ɗaga hannu suna wucewa saboda yawancinsu an riga an kira su ta waya.

Alhaji Mai Yadi:
To wannan kam gaskiya ne, zuwana na ƙarshe yaron ejan ne yake kira min mota. Amma ina nan kan bakana, kar ya tafi ba dala a aljihu.

Ɗalibi a Gwanzu:
Wannan babu musu Baba. Yaya bari in yi maka dalla dalla. Na farko Alipay. Da lambarka ta Najeriya za ka yi rajista, za su turo kod ta saƙon waya, ka ɗauki hoton fasfo ka tabbatar da kanka, sannan ka ɗaura katin Visa ko Mastercard. Tun 2023 aka sauƙaƙa wa baƙi wannan, da can da wahala in ba ka da asusun banki a Chaina. In sayayyar ba ta wuce yuwan 200 ba babu cajin komai, in ta wuce sai su cire kashi 3 cikin 100. Biyan iri biyu ne, ko kai ka yi sikanin ɗin kod ɗin mai shago ka rubuta adadi, ko ka buɗe naka shi ya haska da na'urarsa. Kuma daɗin abin a cikin Alipay ɗin nan akwai DiDi wato tasin da ake kira ta waya, akwai kod ɗin shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, ba sai ka tsaya layin tikiti ba, ka kanga wayarka a ƙofa ta buɗe ka wuce. Abin da ba zai yi maka ba shi ne tura wa mutum kuɗi kai tsaye daga katin waje, kuma ba da shi za ka biya kuɗin kayan maigidanka ba, wannan tsakaninka da ejan ne. Na abinci ne da mota da ƙananan kashe kashe.

Na biyu WeChat. Wannan ko ba ka biya komai da shi ba dole ne, domin duk mai kamfanin da ka tsaya a rumfarsa abin da zai fara cewa ku haɗa WeChat, da shi zai turo maka hoton samfur da farashi har bayan ka koma Kano. In ya rubuto da yarensu ka danne saƙon ka riƙe za ka ga inda aka ce fassara. Shi rajistarsa wani lokacin sai wani mai tsohon akawun ya yi maka sikanin ya tabbatar da kai, shi ya sa nake cewa ka yi a gida, a Kwari ba za ka rasa mai WeChat ba a layinku ma.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri ƙanena. Maigidana yana da shi, gobe zan sa ya yi min. To katin fa, na naira ne da ni.

Maman Biyu:
Nan fa ake yin ta. Ni bara a Istanbul na tsaya gaban kanta da kaya cike da kwando katina na naira ya ƙi, na saka sau uku ana kallona yara na jan hijabina, ashe bankin ya sa iyaka a abin da za a iya kashewa a waje kuma ni ba wanda ya faɗa min. Da ba dan kuɗin da ke jakata ba da ban san yadda zan yi ba. Ka je bankinka da ƙafarka ka tambaye su ko katin yana aiki a waje kuma dala nawa ne iyakarsa, in da hali ka buɗe asusun dala ka karɓi katinsa. Kar ka yarda da an ce.

Mai Gyaran Waya Farm Centre:
Ƙari a kan maganar Hajiya, layinka na Najeriya kar ka cire shi ka bari a gida kamar yadda wasu suke yi. Duk kod ɗin da banki zai turo kan wannan layin zai zo, haka Alipay haka WhatsApp in ya nemi ka sake tabbatarwa. Ka sa a buɗe maka romin kafin ka tafi, ka bar ɗan kati a ciki, amma ka kashe data ta wannan layin don ita ce mai cinye kuɗi kamar gobara. Kuma in ka saka sabon sim a can WhatsApp ya tambaye ka ko za ka canza lamba ka ce a'a, ka bar tsohuwar. Sati ba ya wucewa sai an kawo min wanda ya dawo daga tafiya ya rasa akawun ɗinsa ta wannan hanyar.

Ɗan Kwari:
To yanzu ta yaya zan dinga magana da gida da maigida in WhatsApp a rufe yake? Shi kullum sai ya ga hoton kaya kafin ya ce a saya.

Ɗan Zango Kumasi:
VPN kawai za ka saka ɗan'uwa, wato manhajar da ke tsallakar da kai katangar da suka sa wa intanet, kowa haka yake yi. Ka saka kamar guda biyu ko uku in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi.

Ɗalibi a Gwanzu:
Ni ba zan ba baƙo wannan shawarar a matsayin ta farko ba. Na ɗaya VPN da gwamnati ba ta amince da shi ba ba halastacce ba ne a dokar ƙasar, ko da mutane na yi. Na biyu na kyautar nan yawancinsu ba sa tashi, yau ya yi gobe ya ƙi, kana tsakiyar ciniki maigida na jiran hoto. Hanya mai tsafta ita ce data da ta fito daga wajen Chaina, wato romin ko eSIM irin na matafiya, su Airalo, Nomad, Holafly da sauransu. Saboda layin ba na nan ba ne, intanet ɗinsa ta waje yake bi, sai ka ga WhatsApp da Gmail suna aiki kamar kana gida ba tare da ka saka komai ba. Sharaɗin kawai kar ka hau wayifai ɗin otal kana tsammanin zai yi, kana hawa ka koma cikin katanga.

Ɗan Zango Kumasi:
Amma tsada fa? Mu da muke kirga sidi.

Ɗalibi a Gwanzu:
Ya fi sim ɗin gida tsada kam, amma tafiyar kwana goma ce ba zama ya zo yi ba. Ya kashe saukar bidiyo ta kai tsaye a guruf guruf, ya bar kallon TikTok sai ya dawo, za ta ishe shi.

Ɗan Kwari:
Wai shi eSIM ɗin nan a ina ake sayar da shi, akwai a Farm Centre?

Mai Gyaran Waya Farm Centre:
Ba abu ne da ake riƙewa a hannu ba Yaya, sim ne da yake a cikin wayar tun daga kamfani, kai dai ka sayi data a manhajar su ba ka kod ka yi sikanin ya zauna. Amma ba kowace waya ke da shi ba. Ka danna *#06# yanzu, in ka ga wata doguwar lamba an rubuta EID a gefenta to wayarka na ɗauka, in IMEI kawai ka gani babu. IPhone daga XR da XS zuwa sama suna da shi, manyan Samsung da Pixel ma haka, amma yawancin Tecno da Infinix da itel da muke riƙewa babu. Kuma a kula, iPhone ɗin da aka yi wa kasuwar Chaina mai cin sim biyu na hannu shi ma ba shi da eSIM, suna da yawa a kasuwar nan mutum ya saya bai sani ba.

Ɗan Kwari:
Na danna, IMEI guda biyu kawai na gani.

Mai Gyaran Waya Farm Centre:
To babu kenan. Ko ka ari wayar maigidanka in tana da shi, ko ka tambayi kamfanin layinka ko suna da kunshin data na romin da ya haɗa da Chaina, shi ma aiki ɗaya zai yi maka.

'Yar Damagaram:
Sannunku da hira. Ni ban je Chaina ba amma ina zuwa Dubai da Turkiyya saro kaya, kuma abin da na lura kowace ƙasa da nata. A Dubai saƙon WhatsApp yana tafiya lafiya lau amma kira ba ya shiga, ko na murya ko na bidiyo, sai ka saka Botim kuma mutanen gida su ma su saka, in ba haka ba ka yi ta kira kana cewa rezo wato netwok ne ba kyau alhali ba rezo ba ne. Mota kuma Careem, jirgin ƙasa da bas katin Nol. A Istanbul katin Istanbulkart ne na jirgin ƙasa da bas, da BiTaksi na kiran tasi, taragon T1 shi ke bi ta Aksaray da Laleli inda muke sari har Sultanahmet wurin masallatai. Wani abu kuma, in kana cikin Turkiyya ba za ka iya kama ɗakin otal na cikin ƙasar da Booking ba, tun 2017 kotu ta hana, sai dai ka kama tun kana gida. Kun ga maganar ɗalibin nan ta fito, tun a gida ake shiri.

Maman Biyu:
Wlh Anti haka ne, mu ma da muka so ƙara kwana sai a kanta muka biya.

'Yar Damagaram:
Sai XE na lissafin canji. Mu namu da sauƙi tunda sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai kullum, amma ku masu naira ku tuna abin da manhajar ta nuna ba lallai shi ne farashin da kuka sayi dala a Wapa ba. Ka yi lissafi da farashin da ka saya da hannunka in ba haka ba ka ga kaya da araha a waya ka dawo gida ka ga ba riba.

Alhaji Mai Yadi:
Wannan 'yar ta san kasuwa. Yaro rubuta wannan.

Ɗalibi a Gwanzu:
Saura taswira da fassara. Google Maps kar ka dogara da shi a nan ko da datarka na buɗe shi, bayanansa na Chaina sun tsufa kuma alamar inda kake takan kauce daga kan titin. Amap ake amfani da shi, 'yan nan suna ce masa Gaode, a 2025 suka fitar da na Turanci. Mai iPhone kuma Apple Maps na aiki daidai. Ka ajiye wurare tun yanzu: otal ɗinka, Pazhou inda ake baje kolin yana kan layi na 8, Xiaobei a layi na 5 nan ne unguwar da za ka ga 'yan Afirka da gidajen abincinmu, Sanyuanli a layi na 2, sai kasuwar yadi ta Zhongda tunda kai ɗan Kwari ne, wannan ka ware mata yini guda cur don ba ta zaguwa a awa biyu. Kuma ka duba da kyau, baje kolin kashi uku ne, yadi da tufafi da takalma a kashi na uku suke wanda ke farawa 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba, kar ka zo a na farko ka tarar da injina da kayan lantarki. Ka yi rajistar bajen shiga ta intanet tun kana gida.

Fassara kuma Google Translate zai yi maka in ka sauke yaren Chaina da Turanci a cikin wayar yadda zai yi aiki ba data, Hausa ma ana iya sauke ta tun 2023. Amma shawarata in kana jin Turanci ko kaɗan ne ka fassara daga Turanci, ya fi fita daidai, kuma ka yi gajerun jimloli. Kar ka zuba masa karin magana, ka ce nawa ne yadi ɗaya, guda nawa ne mafi ƙaranci, yaushe za a gama. Kyamararsa kuma ka kanga a kan takardar abinci ta karanta maka. Ka ƙara da Microsoft Translator saboda ko ɗaya ya ba da matsala.

Malamin Islamiyya:
Tunda an zo maganar abinci bari in sa baki. Ɗana ka nemi hoton kalmar halal da rubutunsu ka ajiye a waya, haruffa biyu ne 清真, za ka gan su a allon gidajen abincin Musulmi galibi kore ne allon, masu taliyar Lanzhou da naman shanu sun cika gari. Sannan manhajar lokutan salla da alƙibla, kowacce ka saba da ita, amma ka buɗe mata lokeshin ta gane ka bar Kano. Mu nan mun saba in an ce gabas to alƙibla ake nufi, har mukan ce ya fuskanci gabas, to a can Makka tana yamma da kai ne, ka karkata kaɗan zuwa arewa. Na san wanda ya yi kwana biyu yana kallon mafitar rana a ɗakin otal saboda sabo. Kuma awa 7 suke gabanmu, lokacin da kake sallar azahar a can mutanen gida suna kan sallar asuba ko sun idar, sai ka san lokacin da za ka kira mahaifiyarka.

Ɗalibi a Gwanzu:
Malam ya taɓo inda nake so. Cikin kwana huɗun buɗe idon ka je Masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar gaba ɗaya, sannan Juma'a ka je Masallacin Xianxian kusa da lambun Yuexiu, nan za ka ga Larabawa da 'yan Pakistan da 'yan Mali da Hausawa sahu ɗaya, a waje kuma ana sayar da gurasa da tsire. A nan ne kabarin da suke cewa na Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne.

Malamin Islamiyya:
Haka mutanen can suke faɗa kuma suna girmama wurin, amma abin da malaman tarihinmu suka tafi a kai shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi, Allah ya ƙara masa yarda. Ya je ya yi sallarsa ya ga 'yan'uwa Musulmi, wannan kaɗai ma abin zuwa ne.

Ɗan Kwari:
Ikon Allah, ban taɓa sanin haka ba. Ina son in hau jirgin ƙasan nan mai gudu kuma, wai har Hong Kong yana zuwa?

Ɗalibi a Gwanzu:
Yana zuwa amma kai kar ka je. Mai fasfon Najeriya sai da bizar Hong Kong daban, kuma in bizarka ta shiga ɗaya ce kana fita ta ƙone ba dawowa. Ka je Shenzhen, daga tashar Gwanzu ta Kudu kamar minti 30 ne, ka ga kasuwar waya ta Huaqiangbei ka dawo da yamma. Tikiti a Trip.com ya fi sauƙi ga baƙo, akwai kuma 12306 ta hukumar jirgin kanta. Ba takarda za su ba ka ba, fasfonka shi ne tikitin, ka rubuta sunanka da lambar fasfo daidai yadda suke harafi da harafi, a tasha ka bi layin da ma'aikaci yake tsaye. Da dare kuma ka je bakin kogi ka ga hasumiyar Canton in an kunna fitilu, mita 600 ce.

Hajiya Mai Abaya:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen, mahaifiyata za ta Umra da azumi kuma ba ta iya waya sosai ba, ita me zan saka mata?

Maman Biyu:
Nusuk shi ne kan gaba Hajiya, da shi ake neman izinin shiga Rauda a Madina, a zaɓi rana da lokaci, kuma na mata daban na maza daban. Da biza ta fito ki yi mata rajista ki fara dubawa don da azumi gurbi yana ƙarewa da wuri. A bar mata data a wayar saboda a bakin shiga a cikin manhajar ake nunawa. In za ta hau jirgin ƙasa na Haramain tsakanin Makka da Madina shi ma yana da manhajarsa, tafiyar awa biyu da ɗan wani abu ce maimakon wunin da ake yi a bas, ga tsofaffi ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma Hajiya bari in faɗa miki abin da na gani da idona. Bayan tarawi na fito ta ƙofar Sarki Fahad mai lamba 79 na tarar da wata tsohuwa Bahaushiya zaune a ƙasa ta rungume takalmanta a leda tana hawaye, wayarta a hannu ta mutu ba caji, 'ya'yanta sun cika mata ita da manhajoji amma ba ta san sunan masaukinta ba, abin da take cewa kawai kusa da mai sayar da shayi ne a Misfala. Mun fi awa biyu muna yawo da ita titin Ibrahim Khalil sama da ƙasa ƙafarta duk ta kumbura kafin Allah ya haɗa mu da wata 'yar ayarinsu. Tun daga ranar duk wanda zai yi tafiya a gidanmu sai na rubuta masa sunan otal da lambar jagora a takarda na sa a 'yar jakar wuya, kuma ya karɓi katin otal a kanta ranar da ya sauka.

Hajiya Mai Abaya:
Innalillahi, Allah ya saka miki. Wlh jikina ya yi sanyi, yau ɗin nan zan ɗinka mata jakar.

Alhaji Mai Yadi:
Kun dawo kan maganata kenan. Waya baiwa ce amma batir ne da ita. Yaro kai ma ka sa a rubuta maka adireshin otal da rubutun Chaina a takarda, direban can ba ya karanta namu haruffan, ka nuna masa sunan da Turanci ya girgiza kai ya wuce. Ka yi hoton fasfo da biza da katin rigakafin shawara a takarda ka raba su jaka biyu.

Mai Gyaran Waya Farm Centre:
Maganar batir ta tuna min, fawa banki a jakar hannu ake sa shi ba a cikin akwatin da za a auna ba, kuma kar ya wuce 100Wh wato wajen 27,000mAh, manyan nan masu kamar bulo da muke sayarwa saboda rashin wuta za a iya karɓe su a filin jirgi. In zai hau jirgin sama na cikin gida a Chaina kuma tun watan Yunin 2025 sai mai tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Chaina, a jiki suke bari. Kan caja ma ya sayi adafta, soket ɗinsu ba irin namu mai ƙafa uku murabba'i ba ne. Masu zuwa Saudiyya da Dubai su ba ruwansu irin namu ne.

Ɗan Zango Kumasi:
Ka saka manhajar kamfanin jirgin ma, a Addis ƙofar shiga takan canza kuma filin Bole da dare cike yake maƙil, wayarka za ta nuna maka kafin ka ji sanarwa. Kuma na janye maganar VPN a matsayin ta farko tunda ɗalibi ya fi ni sanin garin, amma ni dai zan bar nawa a waya.

Ɗan Kwari:
Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Tun ɗazu nake ta fama, Alipay ya buɗe har ya karɓi fasfo saura kati, gobe da safe zan je banki kamar yadda Hajiya ta ce. WeChat ya tsaya a wurin da ake neman wani ya tabbatar da ni, sai na je shago. Amap da Trip.com sun sauka, yaren Chaina yana kan sauka yanzu netwok ɗin unguwarmu sai a hankali. Maigida ya ce zai ba ni tsohuwar iPhone ɗinsa 11 in tafi da ita amma ya ce a Gwanzu ya saye ta.

Mai Gyaran Waya Farm Centre:
To akwai yiwuwar mai sim biyu ce. Ka zare tiren sim ɗin ka duba, in yana cin kati gaba da baya to ba eSIM sai dai romin. Ka kawo ta gobe bayan la'asar in duba maka, ka taho da layinka a cikin wayar saboda kod.